Maiwada Mai Buɗe Yankan Lalle

A Unguwar Lawal, wani ƙauye da ke kudu da Malumfashi kan hanyar Gozaki, ba wanda ya taɓa naɗa wa Maiwada rawani. Wadar ma a sunan kawai ta tsaya, don rumbunsa ɗaya ne, kuma ba ya kai shi ƙarshen damina. Amma da zarar lalle ya isa yanka, hatta mai unguwa Shitu sai ya tako da ƙafarsa zuwa ƙofar gidan Maiwada, ya yi sallama, ya jira a amsa masa.

Ƙauyukan da ke kewaye duk auduga suka sa gaba, suna kai wa injin gurza na Funtua. Mutanen Unguwar Lawal kuwa da lalle aka san su. Shi lalle ba shukar shekara ɗaya ba ce. In ka dasa shi ya kama, sai ka yi ta yanke rassansa daga ƙasa, ka shanya, ka buge ganyen, gindin ya sake toho, har ka tsufa ka bar wa ɗanka. Matan Funtua in sun je sayen na ƙunshi, tambayar farko ita ce, na Unguwar Lawal ne? 'Yan kasuwa kuma, da yake ba sa rasa amsa, kowane buhu na Unguwar Lawal ne a bakinsu.

Al'adar garin ita ce ba mai sa ƙarfe a jikin lallensa sai Maiwada ya buɗe masa yanka. Yana da wani lauje da ya gada daga ubansa, uban ya gada daga kaka, ƙotarsa ta yi baƙi don riƙo. Ba a wanke laujen, ba a ara, ba a kai shi kusa da wuta, don an ce wuta na cinye albarkar ƙarfe. A cikin wata tsohuwar fata yake kwana. Ranar buɗi, Maiwada zai fara da gonarsa, sannan ya bi gonaki ɗaya bayan ɗaya. A kowace gona sai ya je kusurwa huɗu, ya yi bisimilla, ya yanke gindi guda a kowace kusurwa, ya juya ya ce wa mai gona, "To, Allah ya sa a yi a sa'a." Ladansa goro ne da addu'a, ba wani abu.

Wannan ɗan aikin shi ne duk abin da Maiwada ya mallaka a duniya, kuma ya san da haka. Matarsa Shafa'atu ta rasu da wuri. 'Ya'yan da suka haifa duk sun koma, sai autar, Hansai, wadda yayarsa ta raina a gidan, ita ce kowa ke kira Gwaggo. Ba shi da shanu, ba shi da karatu mai nisa. Amma an ce hannunsa na da albarka, kuma maganar na masa daɗi fiye da yadda yake nunawa. In yana tafe ranar buɗi, da fatar nan a hammata, har tafiyarsa canjawa take yi. Ba laifi a ce yana da ɗan jin kai. Wanda aka shekara talatin ana tashi tsaye in ya shigo gona, ai dole kansa ya ɗan kumbura.

Shekara huɗu bayan samun mulkin kai, lalle ya fara mutuwa. Ba irin mutuwar fari ba ce, don ruwa ya yi kyau a shekarar. Toho zai fito kore shar, ya miƙe, sai kan reshen ya yi yaushi, ya bushe, bushewar ta riƙa gangarowa ƙasa a hankali har ta kai gindi. Ganyen ba ya zubewa, yana nan maƙale, ja wur kamar an babbake shi. Aka ce gara ce, aka tona ba a ga gara ba. Aka ce baki ne, aka yi rubutu aka yayyafa. Aka yi sadakar waina, yara suka cinye suka yi godiya, lalle ya ci gaba da mutuwarsa.

Da dabara ta ƙare, sai dattawa suka yanke shawarar da a ganinsu ba ta da na biyu. Tunda albarka a laujen take, a ƙara ta. Suka roƙi Maiwada, a buɗi mai zuwa kada ya tsaya a kusurwa huɗu, ya shiga har tsakiyar gona ya ƙara yankan gindi uku ko huɗu. Ya kuwa amsa da murna. A shekarar nan bai taɓa gajiya irin haka ba, bai kuma taɓa cin goro irin haka ba.

A shekara ta gaba aka turo sabon malamin gona daga ofishin noma na Funtua, wani saurayi dogo mai suna Benedict. Iyayensa mutanen Gabas ne daga can kudancin ƙasa, ubansa na da shagon kayan keke kusa da tashar jirgi, amma shi a Funtua aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Auduga aka turo shi dubawa, lalle ba ya cikin aikinsa. Sai dai yana wucewa a kan kekensa ya ga gonaki sun yi dabbare-dabbare, ya kasa wucewa. Ya jingine keken ya shiga, kuma gonar da ya shiga ta Maiwada ce, don ita ta fi kowace lalacewa.

"Sannu da aiki, Baba," in ji Benedict. "Ko za ka bari in karya reshe ɗaya?"

"Karya goma ma, Malam," in ji Maiwada. "Mi ya saura a jikinsu?"

Benedict ya fito da 'yar wuƙa ya tsaga reshen gida biyu, ya nuna masa. Ciki, inda ya kamata a ga fari, akwai wani layi mai duhu kamar an ɗiga ruwan goro, ya taso daga wajen tsohon yanka ya yi sama. Ya ba shi wani ɗan gilashi mai ƙara girman abu ya ce ya dubi ɓawon. Maiwada ya kanne ido ɗaya ya duba, ya ga wasu ɗige-ɗige baƙaƙe, ƙanana, jere a jikin ɓawon. Shekararsa hamsin cikin lalle, bai taɓa sanin akwai su ba.

"Ina zaton hunhuna ce," in ji Benedict. "Dangin wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, amma wannan cikin itace take zama, ta toshe hanyar ruwa. Kada dai ka riƙe maganata tukuna, sai na tabbatar."

Maiwada ya yi dariya. Tuwo daban, lalle daban. Amma yaron ya burge shi, ko don bai yi masa tsawa ba irin ta malaman gona in sun zo kan maganar tuge karan auduga. Benedict ya yanyanka guntayen rassan, ya sa wasu a kwalba da jiƙaƙƙiyar auduga ya toshe, ya bar masa ɗaya ya ce ya ajiye a inuwa. Sauran ya ce zai kai wa masu binciken cututtukan shuka a Samaru, in ya sami motar Zariya. Ba a daɗe ba kwalbar Maiwada ta cika da wani abu toka-toka kamar gashin tsohuwar kyanwa, daga baya ya rine ya koma baƙi. Tun daga nan ya daina dariya.

Da Benedict ya dawo, ya ce zatonsa ya tabbata, hunhuna ce, har da wani dogon suna na Turawa da Maiwada bai ko yi ƙoƙarin riƙewa ba. Ya ce ba ta iya huda lafiyayyen ɓawo, sai ta sami rauni take shiga. Abin da ya rage shi ne a gano yadda take tsallakawa daga gona zuwa gona. Suka yi ta zagaya gonakin garin tare, yaron na gaba yana dube-dube, tsohon na baya yana ba shi labarin masu gonakin. Can a gonar mai unguwa, Benedict ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Baba, akwai abin da ya ɗaure mini kai. Iska in ta kawo cuta, gefe guda take bugawa. Ruwa in ya kawo, gangare yake bi. Amma nan kowace gona daga kusurwa take fara mutuwa, kusurwa huɗu, sai kuma tsakiya. Mene ne ke taɓa kusurwa huɗu na kowace gona a garin nan?"

Ba wanda ya taɓa gaya wa Benedict labarin buɗin yanka, don haka tsakaninsa da Allah ya yi tambayar. Maiwada ya matso kusa. Ya dubi gindin da ke gabansu, busasshe ƙayau, ya gane yankan. Yankansa ne, a karkace, yadda ubansa ya koya masa.

Bai yarda nan take ba, kuma ba wanda zai yarda. Ya yi fushi, ya ce yaro ya zo ya zagi kakanninsa. Ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwar Benedict. Amma abin na cin sa, har ya gaji ya aika a kira shi. A bayan gidan Maiwada akwai wasu 'yan gindin lalle masu lafiya da ba a taɓa yi wa buɗi ba, don ba gona ba ce, na ƙunshin Gwaggo ne. Benedict ya ce su gwada. Rabi aka yanka da laujen gado, bayan an yanki mai ciwo da shi. Rabi kuma da wata wuƙa da aka sa a garwashi, ana sake gasa ta kafin kowane yanka. Kafin damina ta yi nisa, na laujen suka fara yaushi daga sama. Na wuƙar suka yi toho kamar ba abin da ke faruwa a duniya.

"Ba laifinka ba ne, Baba," in ji Benedict, ganin yadda tsohon ya zauna daɓas a ƙasa. "A gonarka ta fara, ko daga ina ta zo, laujen kuma ya ɗauka. Maganin ba shi da wuya. A tuge waɗanda suka mutu a ƙone, masu sauran rai a yanke su ƙasa da inda duhun ya tsaya, kuma kowane ƙarfe ya shiga wuta kafin ya taɓa wani gindi. Bari kaka ta matso, in zo mu tara mutane, ni zan yi bayani. In daga bakin malamin gona ta fito, ba wanda zai ɗora maka."

Kaka ta zo, Benedict bai zo ba. Shekarar ce aka yi rikicin da ya sa mutanen Gabas barin Arewa. Labari ya iso ƙauye a gutsure, an ce an fasa shaguna a Funtua, an ce jirgi ya tafi cike da mutane har kan rufi. Maiwada ya taka da ƙafa har Funtua, ya tarar da shagon kayan keke ba ƙofa, ba kowa. Wani ya ce ya ga Benedict a tasha riƙe da hannun uwarsa, wani ya ce a'a. Yaron da bai san wani gari ba sai Funtua, aka ce wai ya koma garinsu. Maiwada bai sake jin ɗuriyarsa ba har ya mutu.

Yanzu mutum ɗaya ne a duniya ya san abin da ke kashe lallen Unguwar Lawal. In ya yi shiru, ba mai sani har abada. Zai ci gaba da tafiyarsa ta ranar buɗi, a ci gaba da tashi tsaye, lalle ya ƙare a hankali a ce ƙaddara ce. Ya yi tunanin ya gasa laujen a ɓoye, amma hakan ba zai ƙone matattun gindi ba, ba zai hana laujen kowa ɗaukar cutar a cikin gonarsa ba. Gwaggo, da ya gaya mata, ta dafe ƙirji.

"Kai dai ba ka da wayo tun kana yaro," ta ce. "Ka rufa wa kanka asiri. Mutanen garin nan ba abin da ka faɗa za su ji ba, abin da suke so za su ji. Ka tuna kana da ɗiya."

Gaskiya ta faɗa, kuma ya sani. Amma da mai unguwa Shitu ya zo ƙofar gida ya yi sallama kan maganar buɗi, Maiwada ya ce a tara masa mutane bayan sallar la'asar.

A gindin tsamiyar ƙofar mai unguwa ya tsaya, da kwalbar nan a hannu da tsagaggen reshe. Bai iya tsara magana ba, bai taɓa iyawa ba. Ya ce hunhuna ce. Ya ce a jikin ƙarfe take hawa. Ya ce duk gonar da ya yi wa buɗi, shi ya kai mata ciwon da laujensa, bai sani ba, a gafarce shi. Ya ce a ƙone matattu, a gasa ƙarfe. Aka miƙa kwalbar hannu zuwa hannu, kowa na riƙe ta da bakin yatsa kamar za ta cije shi.

Jibo ne ya fara magana, wani ɗan baffan Maiwada da ya daɗe yana ganin laujen a ɗakinsu ya kamata ya faɗo.

"Jama'a, kun dai ji da kunnenku. Ya ce shi ya kai. To ni tambayata, wanga lauje shekara nawa yana buɗe yanka a garin nan? Kakanmu ya riƙe shi, lalle bai mutu ba. Baffa ya riƙe shi, bai mutu ba. Ƙarfe dai shi ne ƙarfen. Mi ya canja, in ba hannun da ke riƙe da shi ba?"

Wuri ya ɗauki guna-guni. Maganar ta zauna wa mutane daram, don ta fi ta hunhuna sauƙin haɗiya, kuma ba ta ce kowa ya ƙone gonarsa ba. Wani ya tuna Maiwada ya yi ta yawo da baƙon yaron nan a gonakin mutane suna cusa abubuwa a kwalba. Wani ya tuna matarsa da 'ya'yansa duk sun mutu, abin da shekara da shekaru ake tausaya masa a kai. A zama ɗaya tausayin ya juye ya zama shaida.

"Ku ji tsoron Allah!" in ji Maiwada. "Ku tsine mini in kun so, amma ku sa laujen nan a wuta!"

"Ka ji ko?" in ji Jibo. "Ya ɓata hannunsa, yanzu so yake ya ƙone mana albarkar kakanni."

Mai unguwa Shitu ba mugu ba ne, mutum ne mai son a tashi taro lafiya. Ya yanke hukuncin da ya ga zai faranta wa mafi yawa. Ba za a kori Maiwada ba, ba za a taɓa shi ba, amma dole ya miƙa wa Jibo laujen. Washegari Jibo ya maƙale fatar a hammata, ya fara da gonarsa mai ciwo kamar yadda al'ada ta ce, ya bi gonakin garin kaf, kusurwa huɗu da tsakiya, yana bisimilla da ƙarfi don kowa ya ji.

Abin da ya biyo baya ba ya buƙatar dogon labari. Cikin 'yan shekaru lallen Unguwar Lawal ya zama tarihi, aka tuge kututturan aka yi girki da su, aka shuka auduga kamar kowa. Ba wanda ya ce Jibo ya yi laifi. An ce ɓarnar da aka riga aka yi ce ta fi ƙarfin gyara. Maiwada kuwa, ba a zage shi a fuska ba, wanda da an yi da ya fi masa sauƙi. In an idar da salla ana musabaha, sai na kusa da shi ya tsiri gyaran hula. In ya shigo wurin suna, a ɗauke jariri a yi ciki da shi.

Da a ce ya haƙura ya bar lalle, wataƙila da an manta. Amma taurin kai bai bar shi ba. Ya tuge gonarsa ya ƙone, ya ɗebi iri daga 'yan gindin bayan gida, ya sake dasawa, yana yawo da kaskon garwashi yana gasa wuƙa kafin kowane yanka. A zuciyarsa, in suka ga ya yi kyau za su gane. Ya kuwa yi kyau, kore shar, shi kaɗai a duk faɗin ƙasar. Mutane suka zo suka tsaya a bakin gona suka kalla, suka gyaɗa kai. Sun gane, amma ba abin da yake so su gane ba. Ga shi nan ƙiri-ƙiri, ya kashe na kowa ya bar nasa. Ko a kasuwar Malumfashi, in ya kasa buhunsa, sai an sami ɗan garinsu da zai raɗa wa mai saye wani abu a kunne.

Ana cikin haka aka sa ranar auren Hansai da wani tela ɗan Gozaki, wanda ita da kanta ta ce tana so, kuma danginsa sai da aka sha fama kafin suka yarda. Maiwada ya zaɓi ganye mafi kyau a gonarsa, ya shanya a inuwa don kada launin ya gudu, ya daka da kansa, ya tankaɗe, ya kawo wa Gwaggo a ƙwarya don ranar sa lalle. Gwaggo ta kalli ƙwaryar ta kau da kai, ta ce an riga an aika Funtua a sayo. Sai ya wuce ta ya je ƙofar ɗakin 'yarsa.

"Auta, ke ma?"

Hansai ta fito bakin ƙofa. Ita ce ke riƙe masa kaskon garwashi a gona, ba abin da ba ta gani da idonta ba.

"Baba, wallahi na yarda da kai," ta ce. "Amma gidan mutane za ni. In akuya ta yi ɓari a gidan nan, hannuna za a duba a ce lallen wa aka sa mini."

Ba ƙarya ta yi ba. Ya ɗauki ƙwaryarsa ya koma zaure.

Ranar da za a kai ta, da yamma, aka kawo ta gabansa ta durƙusa don ya sallame ta. Lallen kasuwa ne a hannunta, an gauraya shi da wani ganye, bai ko kama sosai ba. Tana kuka, shi ma idonsa ya cika. Ya ɗaga hannu zai dafa kanta kamar yadda kowane uba ke yi, sai ya ga matan dangin ango sun yi cirko-cirko a bakin zaure, idonsu duka a kan hannun nasa. Hansai ba ta kauce ba, tana nan durƙushe tana jira. Shi ne ya janye. Ya mai da hannuwansa biyu baya ya riƙe, ya sa mata albarka da baki, aka tashe ta aka fita da ita.